Balaguron hunturu a ƙaramin jirgin ruwa: Yadda ake shirya shi a gaɓar tekun Ingila

Da zarar watan Oktoba ya shuɗe, akasarin masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa a Birtaniya kan fitar da jiragensu daga ruwa, su ɗora su kan tudu, su lulluɓe su da tamfol, sai kuma watan Afrilu idan Allah ya kai rai. To amma akwai wasu 'yan tsiraru da ba sa bin wannan al'ada. Su a wurinsu, watannin Disamba da Janairu da Fabrairu su ne lokacin da teku ke zama nasu su kaɗai.

Dalilansu dai ba boyayyu ba ne. Tashoshin da a lokacin bazara ba ka samun wurin ɗaure jirgi sai da rabo, a hunturu wayam suke, kuma kuɗin kwana ya kan ragu. A ranakun da iska ta kwanta, sararin sama kan washe har mutum ya hango tsaunukan da ke nesa tamkar ya miƙa hannu ya taɓa. Sai dai kuma a wannan lokaci ne kuskuren da a watan Yuli zai ƙare da dariya ke iya ƙarewa da jana'iza.

Domin a fahimci yadda ake shirya irin wannan tafiya, bari mu ɗauki hanyar da ta shahara a tsakanin matuƙa a kudancin Ingila, wato daga mashigin Solent da ke kusa da birnin Southampton, a nufi yamma zuwa Plymouth, ana yada zango a Poole da Weymouth da Dartmouth da Salcombe. Tsawon hanyar bai kai mil 150 na teku ba, kuma kowane mil na teku mita 1,852 ne. Jirgin da ake magana a kai shi ne mai tsawon mita 6 zuwa 8, mai inji ɗaya, da ɗan ɗakin da mutum biyu za su iya kwana.

Abin da doka ta ce

Wani abin mamaki shi ne, a Birtaniya doka ba ta buƙaci mai ƙaramin jirgin shaƙatawa ya mallaki lasisin tuƙi kafin ya shiga teku ba. Mutum na iya sayen jirgi da safe ya kama hanya da la'asar. Akwai kwasa-kwasan da ƙungiyar masu jiragen ruwa ta ƙasar, RYA, ke tsarawa, amma shiga ganin dama ne. Hatta sanya rigar kariya daga nutsewa ba dole ba ne a kan irin wannan jirgi, saɓanin maƙwabciya Jamhuriyar Ireland, inda doka ta tilasta wa duk wanda ke cikin jirgin da bai kai mita 7 ba ya sanya ta.

Abin da doka ta ɗora wa matuƙi shi ne tsara tafiya. Tun daga ranar 1 ga watan Yulin shekara ta 2002, wani sashe na yarjejeniyar kare rayuka a teku ta ƙasa da ƙasa, SOLAS, ya fara aiki a kan ƙananan jirage. Ita wannan yarjejeniya ta samo asali ne daga nutsewar jirgin Titanic a 1912. Ta buƙaci matuƙi ya duba yanayi, da cikowa da janyewar teku, da iyakar ƙarfin jirginsa da na mutanen da ke tare da shi, da haɗurran da ke kan hanya, sannan ya tanadi inda zai fake idan al'amari ya ɓaci.

Akwai kuma batun inshora. Kamfanoni da dama na ƙayyade watannin da jirgi zai kasance cikin ruwa, saboda haka wanda bai karanta takardunsa ba na iya gano cewa tun watan Nuwamba babu abin da ke kare shi.

Rana gajera ce

A Kano, ranar da ta fi kowace gajarta a shekara tana da kusan awa 11 da rabi na haske. A Southampton kuwa, a ƙarshen watan Disamba, rana na fitowa ne bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi da misalin ƙarfe 4 na yamma. Kimanin awa 8 ke nan.

A kan takarda wannan ya wadatar. Jirgin da ke gudun mil 20 a awa guda zai cinye mil 40 cikin awa 2. Matsalar ita ce ƙaramin jirgi na samun wannan gudu ne kawai idan ruwa ya kwanta, inda ya kan ɗago ya yi ta sulɓi a saman ruwa. Da zarar igiyar ruwa ta tashi, tilas matuƙi ya rage wuta, in ba haka ba jirgin ya yi ta dukan ruwa har wani abu ya karye, ko a jikin jirgin ko a jikin mutane. Idan gudu ya koma mil 8 a awa, tafiyar awa 2 ta zama ta awa 5. Shi ya sa ƙwararru kan lissafa kowane zango da gudun da za su yi a mummunan yanayi, su tashi da fitowar alfijir, su kuma ƙudurta isa masauki aƙalla awa 2 kafin faɗuwar rana.

Sauraron hasashen yanayi

A watan Oktoban 1859 wata guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar tsibirin Anglesey da ke Wales, inda fiye da mutane 400 suka halaka. Wannan masifa ce ta sa Robert FitzRoy, wani hafsan sojin ruwa da ke shugabantar ofishin nazarin yanayi, ya fara bayar da gargaɗin guguwa a 1861. Har yau hukumar yanayi ta Birtaniya na fitar da hasashe na musamman ga jiragen ruwa, wanda ya raba tekunan da ke kewaye da ƙasar zuwa yankuna 31. A shekara ta 2002 aka sanya wa ɗaya daga cikinsu sunan FitzRoy. Hanyarmu ta ratsa uku: Wight da Portland da Plymouth.

Ga mai ƙaramin jirgi, wanda ya fi amfani shi ne hasashen ruwan kusa da gaɓa, wanda ya ƙunshi mil 12 daga tudu. Jami'an tsaron gaɓar teku na karanto shi ta rediyon jirage duk bayan awa 3.

Ana auna ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort, mai matakai daga 0 zuwa 12, wanda wani hafsan sojin ruwa mai wannan suna ya ƙirƙiro a 1805. Mataki na 4 iska ce mai gudun kilomita 20 zuwa 28 a awa. Mataki na 6, kilomita 39 zuwa 49, shi ne inda ake fara yi wa ƙananan jirage gargaɗi. Daga mataki na 8, wato kilomita 62 zuwa sama, an shiga guguwa. Kalmomin hasashen ma suna da ma'ana ƙayyadaddiya: idan aka ce guguwa na dab da isowa, ana nufin cikin awa 6, idan aka ce nan ba da jimawa ba, tsakanin awa 6 da 12 ke nan, idan aka ce daga baya, to bayan awa 12.

Ga jirgi mai tsawon mita 7 a watan Janairu, mataki na 4 ya isa iyaka, musamman idan iskar na fitowa daga gaba. Kuma ba ranar tafiya kaɗai ake dubawa ba. Guguwar da ta wuce shekaranjiya na barin manyan igiyoyin ruwa da ke ci gaba da shigowa daga Tekun Atlantika ko da iska ta kwanta. Abin da matuƙi ke jira shi ne ranakun da iska mai nauyi ta zauna a kan ƙasar, sararin sama ya yi shiru. Sai dai irin waɗannan ranaku kan zo da nasu cikas, wato hazo da sassafe, da ƙanƙara a kan gadojin katakon da ake bi zuwa jirgi, inda santsi ke jefa mutum cikin ruwa tun kafin ya tayar da inji.

Wata da ruwa

Mutumin da ya saba lissafi da watan Musulunci yana da wata fa'ida a nan. Teku na cikowa yana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cikowa da cikowa kimanin awa 12 da minti 25, kuma wata ne ke jan ragamar lamarin. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan cikarsa a tsakiyar wata, ruwa kan ciko sosai ya kuma janye sosai. A wajajen 8 da 23 ga wata, lokacin da ya ke rabi, motsin kan yi sauƙi.

Ba hawa da sauka kaɗai ruwan ke yi ba. A mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa, ruwan na kwarara gabas na kimanin awa 6, sannan ya juya yamma na wasu awa 6, tamkar kogin da ke sauya alƙibla. Idan iska da kwararar ruwan suka nufi wuri ɗaya, igiyoyi kan yi tsawo su kwanta. Idan suka yi karo, igiyoyin kan gajarta su miƙe tsaye, kawunansu na fashewa. Iskar mataki na 4 da ba ta damun kowa da ƙarfe 9 na safe na iya zama abin tsoro da ƙarfe 11, ba don ta ƙaru ba, sai don ruwa ya juya.

A nan ne mai zuwa yamma ke shiga tsaka mai wuya. Iskar da ta fi yawa a wannan yanki daga kudu maso yamma ta ke fitowa. Ruwan da zai tura jirgi gaba, shi ne kuma wanda zai yi karo da iskar. Masu jirgin filafilai, da ya ke gudunsu kaɗan ne, ba su da zaɓi illa su bi ruwa. Mai inji kuwa sau da yawa gara ya yi asarar mil 1 ko 2 a awa yana tunkarar ruwan, muddin teku zai fi kwanciya.

Ƙofofi huɗu

Ana iya kallon hanyar a matsayin jerin ƙofofi, kowace da lokacin buɗewarta.

Ta farko ita ce mafitar Solent ta yamma, kusa da fararen duwatsun Needles na tsibirin Wight. Ruwa na matsewa a nan tsakanin tsibirin da wani tudun tsakuwa da ke ƙarƙashin ruwa, kuma idan yana fita ya haɗu da iskar kudu maso yamma, wurin kan yi muni. Akwai wata hanya ta arewa da ke bin gaɓa, wadda ta fi sauƙi. A Needles ɗin ne aka auna iska mai gudun kilomita 196 a awa ranar 18 ga Fabrairun 2022, lokacin guguwar Eunice.

Bayan Poole sai tsinin St Alban's, inda wani dogon dutse a ƙarƙashin ruwa ke hautsina teku. Da an wuce shi kuma sai filin atisayen harbi na sojoji a Lulworth, wanda ya miƙa har cikin teku, saboda haka ake bincika ranakun harbi tun kafin a tashi.

Ta uku ita ce wadda matuƙa ke ambata da girmamawa: tsinin Portland. Ƙasa ce da ta kutsa cikin teku, ruwa na gangarowa ta ɓangarorinta biyu ya haɗu a kudancinta, inda gudunsa kan kai mil 7 a awa a ranakun babbar cikowa. Hanyoyi biyu ne. Ko dai a raɓa dab da duwatsu ta wani siririn lungu mai ɗan kwanciyar ruwa, wanda ba a shigarsa sai a daidai lokacin da ruwa ke shirin juyawa, ko kuma a yi nisa da tsinin da mil 5 ko fiye. Lungun cike ya ke da igiyoyin tarkon masunta, waɗanda ruwa kan danne ƙasa har ba a ganin alamarsu. Idan ɗaya ta naɗe farfela, jirgi ya tsaya cik 'yan mitoci daga duwatsu. A hunturu, hanyar waje ita ce ta mai hankali, ko da ya ke tana ƙara nisa da cin mai.

Daga nan sai Lyme Bay, fiye da mil 40 na buɗaɗɗen teku kafin a kai Dartmouth ko Brixham. Tashoshin da ke cikinsa ƙanana ne; ta Lyme Regis kan bushe idan ruwa ya janye, ga shi kuma shiga su na da wuya idan iska na kaɗowa daga kudu. Wato wanda ya kai tsakiya ba shi da mafaka ta kusa. A wannan wuri ne a watan Maris na 1993 wasu ɗalibai 4 daga Plymouth suka mutu bayan da iska ta kora ƙananan kwale-kwalensu zuwa cikin teku, suka daɗe cikin ruwan sanyi kafin agaji ya iso.

Ƙofa ta huɗu ita ce bakin Salcombe, inda wani tudun yashi ya gitta mashiga. Idan ruwa na fita, iska kuma na shigowa daga kudu, igiyoyi kan fashe a kansa. A watan Oktoban 1916 jirgin ceto na garin ya kife a wurin, mutum 13 daga cikin 15 suka mutu, alhali kuwa 'yan gari ne da suka san wurin tun suna yara.

Lissafin mai

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a raba mai kashi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. A tafiyar da ba a dawowa, kashi biyu ne ake lissafawa.

Alal misali, a ɗauka tanki na cin lita 200, jirgin kuma na shan lita ɗaya da rabi a kowane mil idan ruwa ya kwanta. Kashi biyu cikin uku lita 133 ne, waɗanda za su kai shi mil 89. Idan teku ya tashi, jirgin ya daina sulɓi ya koma turzawa, sha na iya kaiwa lita 2 da rabi a mil. Waɗannan lita 133 yanzu mil 53 kawai za su yi. Daga Weymouth zuwa Dartmouth ta hanyar waje ya zarce mil 50. Jirgin da a bazara ke yin wannan zango ba tare da matuƙinsa ya kalli ma'aunin mai ba, a hunturu yana kan iyaka.

Bugu da ƙari, gidajen man da ke bakin ruwa kan rage lokutan aiki, kuma fetur ya fi dizal wuyar samu. Sanyi na sa raɓa ta taru cikin tankin da ba a cika ba, girgizar teku kuma na tayar da dattin da ya kwanta a ƙasa ya toshe matatar mai. Batir ma na rasa ƙarfi da sanyi. Lalacewar inji na daga cikin manyan dalilan da ke sa a kira jiragen ceto, kuma jirgi mai inji ɗaya ba shi da abin dogaro idan ya mutu sai anka da doguwar igiya.

Mintuna na farko cikin ruwa

A watan Disamba ɗumin ruwan wannan yanki kan kai kimanin digiri 11 a ma'aunin Selshiyos, ya sauka zuwa 8 ko 9 a ƙarshen Fabrairu da Maris. Mutane da yawa na zaton daskarewar jiki ce ke kashe wanda ya faɗa. Binciken masana irin su Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya nuna cewa da dama ba sa ma kaiwa wannan mataki.

A ruwan da bai kai digiri 15 ba, jiki na yin wata irin zabura. Mutum kan ja dogon numfashi ba da son ransa ba, numfashi ya yi ta sauri, bugun zuciya da hawan jini su tashi. Idan kansa na cikin ruwa a wannan lokaci, ruwa ya shaƙa. Zaburar kan lafa cikin minti 1 zuwa 3. Daga nan hannuwa da ƙafafu su fara mutuwa, har gwanin iyo ya kasa riƙe igiyar da aka jefa masa. Daskarewar jiki sai bayan kimanin rabin awa ta ke shigowa. Shi ya sa shawarar masu ceto ita ce kada mutum ya yi ta fafutukar iyo, ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa har numfashinsa ya daidaita.

Rigar kariya kuwa sai an sanya ta ta ke amfani, tare da ɗaure maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba ta zame ta kai. Haka nan akwai wata 'yar jar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a ƙafarsa, wadda ke kashe inji idan ya faɗi. A watan Mayun 2013, a Padstow da ke Cornwall, wani jirgi ya watsar da iyali guda cikin ruwa, ya ci gaba da zagaye yana bi ta kansu saboda ba a ɗaura igiyar ba. Uba da 'yarsa suka mutu.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa bayan an ɗaure jirgi lafiya. Dare ya yi, sanyi ya tsananta, aka rufe ko'ina aka kunna abin ɗumama ɗaki. Duk wanda ya san yadda hayaƙin janareta ke kashe iyalai cikin barci a Najeriya ya san abin da ake nufi. A watan Afrilun 2013 wata uwa da 'yarta sun mutu cikin jirgi a tafkin Windermere, bayan da bututun hayaƙin janaretan da ke ba hita wuta ya ɓalle. Iskar ba ta da wari ko launi, kuma na'urar da ke ƙara idan ta gano ta ba ta kai kuɗin cika rubu'in tanki ba.

Idan al'amari ya ɓaci

Wayar salula ba abin dogaro ba ce a ƙarƙashin tsaunukan gaɓa ko a tsakiyar Lyme Bay. Abin da ake riƙewa shi ne rediyon jirage na VHF, inda tasha ta 16 ke matsayin ta neman agaji. Na zamani na da wani jan maɓalli da ke aika lambar jirgi da inda ya ke kai tsaye. Masu ƙarin hattara kan rataya wata ƙaramar na'ura a jikin rigar kariya, wadda ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam. Kuma kafin a tashi ana barin bayanin tafiya a hannun wani da ke tudu, da lokacin da zai buga 999 idan bai ji labari ba.

Waɗanda za su fito ceto akasari 'yan sa kai ne na ƙungiyar agaji ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, mai hedikwata a Poole da tashoshi fiye da 230 a Birtaniya da Ireland. Su ma rayukansu suke sakawa cikin haɗari. Ranar 19 ga Disambar 1981 dukkan ma'aikata 8 na jirgin ceton Penlee a Cornwall sun halaka yayin ƙoƙarin ceto mutane 8 daga jirgin dakon kaya na Union Star, waɗanda su ma ba wanda ya tsira. A bazara, jirgin da ya lalace kan samu wani mai wucewa ya ja shi. A watan Janairu yana iya shafe yini bai ga kowa ba.

Abin da ya fi ba matuƙa wahala, kamar yadda su kansu ke faɗa, shi ne alƙawari: aikin ranar Litinin, ko otal ɗin da aka riga aka biya. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma waɗanda suka daɗe a harkar kan ware mako biyu ga tafiyar kwana 5, tare da tanadin kuɗin barin jirgi a duk tashar da yanayi ya rutsa da su, su koma gida ta jirgin ƙasa. Poole da Weymouth da Plymouth duk suna kan layin dogo. Ko da ya ke shi ma layin Plymouth zuwa Landan yana bin bakin teku ne a garin Dawlish, inda a watan Fabrairun 2014 igiyar ruwa ta rushe katangar da ke ƙarƙashinsa, ta bar ƙarafunan dogo na lilo a sarari, aka rufe hanyar har tsawon wata biyu.